Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Fenti a Kasuwar Panteka, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa Alhaji mai shagon fenti da banish da ke kusa da 'yan katako a Panteka, shi da yaransa biyu, saboda yadda suka tsamo ni daga asarar da na kusa jawo wa kaina.

Tun da na yi ritaya daga koyarwa na ɗauki aikin kafinta abin ɗebe kewa, har na haɗa teburin karatu da kantar littattafai ta hanyar amfani da katakon wani itace da ake kira fayin, wanda na ɓamɓaro daga falankan da ake ɗoro kaya a kansu daga ƙasashen waje. Itacen ba baƙo ba ne a Kaduna, tunda akwai shi a gandun dajin Afaka, amma ban taɓa aiki da shi ba. Na shafa wa teburin launin ruwan ƙasa kai tsaye, da gari ya waye sai na tarar ya yi dabbare-dabbare kamar fatar damisa. Da wannan takaici na isa shagon, da niyyar sayen galan guda na fenti mai kauri in rufe abin kunyar.

Alhaji bai karɓi kuɗina ba, sai ya ce: "Malam, koma ka kawo mini guntun katakon tukuna." Da na kawo, hatimin da ke jikinsa ya fara dubawa, ya nuna mini harufan HT, ya ce alama ce ta cewa da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, da kuwa MB ya gani, wato an yi masa feshin maganin ƙwari mai guba, da ya hana ni shigar da shi ɗaki. Sannan ya bayyana mini cewa fayin katako ne mai laushi wanda jikinsa ba ɗaya ba ne, wani sashe yana shan launi kamar soso, wani kuma yana da tsauri, shi ya sa nawa ya ɓaci.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a kan magana ba. Ya sa yaronsa ya goge guntun da samfefa, wato takardar goge katako, mai lamba 120, sannan mai lamba 180 wadda ta fi ta laushi, yana bin tsawon jijiyar katakon. Suka shafa wa rabinsa shelak da aka tsinka da sifirit, wani irin ƙaro ne da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, suka bar ɗaya rabin haka nan. Da ya bushe suka bi duka biyun da launi a tsumma, suka share rarar nan take. Rabin da ya sha shelak ya fito sumul, ɗayan kuwa tamkar teburina. Ya kuma ce in yi wa idanun katakon shafi biyu na shelak, domin daga nan ne ƙaron itacen yake tsattsafowa idan zafi ya yi yawa.

Game da banish, shafi uku marasa kauri ya umarce ni da yi, ina gogewa a hankali da samfefa mai lamba 320 a tsakaninsu, kuma in haɗa da ƙarƙashin teburin da bakin da zarto ya yanka, don kada laimar damina da bushewar hunturu su lanƙwasa shi. Ya ce in yayyafa ruwa a ƙasa in rufe tagogi saboda ƙura, kuma in baje tsummokaran da suka jiƙe da mai a waje, domin idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya kama wuta da kansu. Wannan gargaɗi kaɗai, a ganina, ya fi ƙarfin abin da na biya, wanda bai kai rabin kuɗin galan ɗin da na zo saye ba.

Kwana biyu na yi ina goge teburin kafin farinsa ya dawo, sannan na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Yau a kansa jikata take aikin makaranta, kuma ko shayi ya zube, tsumma ɗaya ke ɗauke shi.

Alhaji, na gode. Allah Ya ƙara kasuwa, Ya yi wa zuriya albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Kaduna