Sanarwa kan haɗa tankar Tiger I a ma'aunin 1/35

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Kamar yadda muka amince, aikinmu na wannan karo shi ne haɗa ƴar ƙaramar tankar kwaikwayo ta tankar yaƙin Jamus, Tiger I, a ma'aunin 1/35 (wato an ƙanƙantar da ita sau 35), irin wadda kamfanin Tamiya na Japan yake fitarwa. Ina roƙon kowa ya tantance samfurin da zai kwaikwaya kafin ya taɓa gam ko fenti, domin tankar ta sha gyare-gyare tsakanin 1942 da 1944.

Wanda ya zaɓi samfurin farko ya duba hotunan Tiger 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, aka kuma adana ta a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, inda har yau tana iya tafiya. Ƙafafunta masu roba ne, kuma jikinta ba shi da shafen nan mai ziri-ziri da ake kira zimmerit, wanda aka ɓullo da shi daga baya a 1943 don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, aka daina a Satumban 1944. A ganina, sa shi ga tankar Tunisiya babban kuskure ne, komai kyan fentin.

Kowa ya sanar da mu samfurin da ya zaɓa kafin ya sayi akwatinsa.