Dire Straits ba Brothers in Arms ba ne kaɗai, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan gidan. Ni mai sauraronku ne tun da daɗewa, musamman shirin nan na tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa da kuke sakawa daren Asabar, in dai akwai batir a rediyona to ba ya wuce ni. Asabar ɗin da ta wuce na ji an ware shirin gaba ɗaya ga Dire Straits, ƙungiyar makaɗan rok ta Birtaniya, saboda sabon bugun albam ɗinsu Brothers in Arms na cika shekara 40 da aka fitar a watan Mayun 2025, wallahi na ji daɗi har na kira ƙanena a waya na ce maza ya kunna, amma da aka kai ƙarshen shirin sai na ji raina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Awa guda cur aka yi, kuma duk waƙoƙin da aka saka daga albam ɗaya suka fito in ka cire Sultans of Swing, sannan mai gabatarwa ya ce wai wannan albam ɗin shi ne Dire Straits ɗin. To ni a nan ne ban yarda ba. Na san shi ya fi kasuwa, ya wuce kwafi miliyan 30, kuma shi ne albam na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a faifan CD, wannan ba mai musu. Amma mutanen nan albam shida suka yi a situdiyo daga 1978 zuwa 1991, kuma ni a kunnena inda suka fi zuba gwaninta shi ne tsakanin 1980 da 1983, lokacin albam ɗin Making Movies da Love Over Gold da kuma Alchemy da aka ɗauka a gaban 'yan kallo.

Yayana ne ya fara kawo kaset ɗinsu gidanmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne yana zuwa har Agadas, a can ya samo shi. Kaset ne da aka kwafa, ba hoto ba komai, an rubuta suna da biro a jiki, gefe ɗaya albam ɗinsu na farko na 1978 ɗaya gefen Making Movies. Ba mu jin Turancin sosai a lokacin amma jitar Mark Knopfler, jagoran ƙungiyar, ba ta buƙatar tafinta, mutumin da yatsunsa yake kaɗa wayoyin ba ya riƙe ɗan robar nan da sauran makaɗa ke riƙewa, shi ya sa sautinsa ke fita tas kamar ana tsinkar gurmi. Mun saurari kaset ɗin nan har rikoda ta tauna shi, muka ciro zaren muka liƙe da salatif muka naɗe da biro muka ci gaba. Kuma ba mamaki a ce daga Agadas ya fito, don Bombino da kansa, makaɗin jitar nan na Abzinawa ɗan Agadas, ya sha faɗa cewa da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Knopfler ya koyi hannu lokacin yana gudun hijira.

Albam na farko a Landan aka ɗauke shi, su huɗu ne kawai, Mark da ƙanensa David a jita, John Illsley a bes, Pick Withers a ganga, ba fiyano ba tarkace. Kafin nan ma wani mai gabatar da shiri a rediyon BBC na Landan, Charlie Gillett, shi ya saka kaset ɗin gwajinsu a shirinsa a 1977 kamfanoni suka ji suka fara nemansu. Ka ga kenan mutumin rediyo ne irinku ya buɗe musu ƙofa da waƙar da ba wanda ya sani a lokacin, shi ya sa nake ganin bai dace gidan rediyo ya tsaya kan waɗanda kowa ya riga ya haddace ba. Communiqué na 1979 da aka ɗauka a Bahamas ina son shi amma gaskiya ƙanin na farko ne, kamanninsu ɗaya.

Making Movies shi ne nawa. A New York aka yi shi a 1980 tare da furodusa Jimmy Iovine, kuma ana tsakiyar aikin ne David ya bar ƙungiyar bayan saɓani da yayansa, abin ba daɗi, amma sai aka ɗauko Roy Bittan mai buga wa Bruce Springsteen fiyano, kuma fiyanon nan shi ya canza komai. Ka saurari gefen farko kawai, waƙa uku, Tunnel of Love da Romeo and Juliet da Skateaway, ni ban san wani gefen faifai da ya kai wannan ba a duk kiɗan rok. Tunnel of Love minti 8 ce, labarin wani filin wasanni ne da ake kira Spanish City a Whitley Bay kusa da Newcastle inda Mark ya taso, kuma a ƙarshenta akwai inda komai ke lafawa sai jita ta fara hawa a hankali a hankali fiyano na bin ta a baya, ni duk lokacin da na kai wurin sai na ajiye abin da nake yi. Waƙar ƙarshe ta albam ɗin, Les Boys, ba ta kai sauran ba, wannan zan faɗa, amma shida cikin bakwai ai ba a ce komai ba.

Af, jitar ƙarfen nan mai sheƙi da ke jikin bangon Brothers in Arms, ƙirar National ta 1937, ita ce fa ake ji a farkon Romeo and Juliet. Wato hoton da kowa ya sani ma, sautinsa mafi daɗi yana cikin albam ɗin da ba ku saka ba.

Sai Love Over Gold na 1982, waƙa biyar kacal, kuma ta farkon, Telegraph Road, ta haura minti 14. Sunan wani dogon titi ne na gaske a jihar Michigan ta Amurka wajen Detroit. Waƙar tana ba da labarin yadda mutum ɗaya ya sauke kayansa a daji ya kafa bukka, wasu suka biyo shi, aka yi makarantu aka kawo jirgin ƙasa da masana'antu, gari ya cika ya batse, daga baya kuma aiki ya ƙare aka bar mutane suna duba jarida suna neman abin yi. Sai da na girma na fahimci Turancin sannan na gane abin da ake faɗa, kuma ni da na zauna a Kakuri na ga yadda masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya magidanta suka koma acaba, waƙar nan ba ta yi min nisa ba ko kaɗan. A cikin albam ɗin ne kuma Private Investigations take, waƙa ce da kusan magana ce ba rerawa ba, ga dogon shiru a ciki, amma ta kai mataki na 2 a Ingila. Kuma don wannan albam ɗin ne Mark ya rubuta Private Dancer sai ya ga ba ta dace da muryar namiji ba, daga baya Tina Turner ta ɗauka ta fitar a 1984.

To yanzu maganar sake bugu, wadda ita ce ta fi ci min rai. Ka duba sau nawa aka sake fitar da Brothers in Arms. A 1996 Bob Ludwig ya sake tace sautin dukkan albam ɗinsu. A 2005 aka yi na cika shekara 20 mai sautin da ke zagaye ɗaki da sifiku, aikin Chuck Ainlay, har ya ci kyautar Grammy a 2006. Kamfanin Mobile Fidelity ya yi nasa, an yi wani a situdiyon Abbey Road a 2021, ga kuma na 2025. Albam ɗaya ake ta juyawa kamar waina a tanda. Shi kuwa Making Movies da Love Over Gold an sake buga su ba a ce ba a yi ba, amma kullum waƙoƙin nan ne dai da muka sani, babu ƙari ko ɗaya. Akwatin Studio Albums 1978–1991 da aka fitar a faifan garmaho a 2013, sannan a CD a 2020, albam shidan ne aka jera, ba su saka ƙananan waƙoƙin da suka fito a bayan fayafayai ba irin su Eastbound Train, ba su saka na ƙaramin faifansu ExtendedancEPlay na 1983 ba inda Twisting by the Pool take. Kaset ɗin gwajin nan na 1977 ma da aka tashi fitar da shi a 2015 sai aka yi shi a ƙananan fayafayan garmaho 'yan ƙalilan na ranar masu shagunan faifai, mu da muke nan ina za mu gan shi?

Kuma akwai abin da ya kamata masu sauraro su sani kafin wani ya zuba kuɗinsa. Brothers in Arms tun asali da na'urar dijital ta Sony aka ɗauke shi, a situdiyon AIR na George Martin da ke tsibirin Montserrat, wanda guguwar Hugo ta lalata a 1989. Saboda haka wanda ya sayi faifan garmahonsa mai tsada yana tunanin zai ji asalin sautin zaren kaset irin na da, ba haka abin yake ba, don CD aka yi albam ɗin nan. Hasali ma faifan garmahon 1985 gutsure waƙoƙin aka yi don su shiga, Money for Nothing da ta haura minti 8 a CD ta koma minti 7, Why Worry daga minti 8 da rabi ta koma 5 da 'yan kai, albam ɗin minti 55 ne a CD amma a faifan bai kai 50 ba. Shi ya sa sabbin bugun da yawa suke raba shi faifai biyu. Ni ina da tsohon CD ɗin da kuma na 1996, na gwada su a sifika ɗaya, na 1996 ya fi ƙara, yana shiga kunne da sauri, amma tsohon ya fi numfashi, wurin da ya kamata a yi laushi ana yin laushi wurin da ganga za ta daka kuma ka ji ta daka. A Making Movies kuwa na fi son na 1996, don fiyanon ya fi fitowa. Wannan kunnena ne, wani zai iya jin daban.

Ba wai duk sake bugu nake kushewa ba fa. Akwatin Live 1978–1992 da ya fito a ƙarshen 2023 shi ne irin aikin da nake so a riƙa yi, don ya kawo abin da ba mu da shi. A ciki akwai wasan da suka yi a Rainbow da ke Landan a Disambar 1979 wanda ba a taɓa fitarwa ba, lokacin David na nan, kuma aka cika Alchemy da waƙoƙin da aka cire a 1984 irin su Industrial Disease. Alchemy ɗin nan a Hammersmith Odeon aka ɗauke shi a watan Yulin 1983, Terry Williams ne a ganga lokacin, kuma Sultans of Swing ta ciki kusan minti 11 ce, wanda ya ji ta ba zai ƙara gamsuwa da ta situdiyo ba. Ko bugun 2025 ɗin ma abin da ya cece shi a wurina shi ne wasan San Antonio na 1985 da aka haɗa a ciki, kuma ko waƙa ɗaya daga wasan ba a saka mana ba ranar Asabar, alhali shi ne sabon abin.

Na taɓa yin odar wannan akwatin na 2023 ta hannun wani mai kawo kaya daga waje, na biya rabin kuɗin na jira wata uku, da kayan suka iso na buɗe sai na tarar kwafi ne aka buga, hoton bangon ma ya dushe, ɗaya faifan kuma yana tsalle a tsakiyar Telegraph Road. Na yi baƙin ciki sosai don na daɗe ina tara kuɗin. Da yadda canji yake yanzu mafi yawanmu ba za mu iya sayen irin waɗannan akwatuna ba, matasa kuma a waya suke ji da data, su danna waƙa uku da suka fi tashe su wuce. Gidan rediyo ne ya rage mana inda mutum zai ji doguwar waƙa daga farko har ƙarshe ba tare da ya nema ba, kamar yadda mu muka ji ta a kaset ɗin yayana.

Ƙungiyar ta watse tun 1995, Mark bai je bikin shigar da su zauren karrama gwanayen rok na Rock and Roll Hall of Fame a 2018 ba, a Janairun 2024 ma ya yi gwanjon jitocinsa da sauran kayan kiɗansa fiye da ɗari a Landan, to ba wani sabon albam da ke tafe, abin da suka bari shi ke nan. Roƙona Malam Edita, ka isar wa mai gabatar da shirin, a ware wata Asabar ɗin a saka gefen farko na Making Movies a jere yadda yake, sannan a saka Telegraph Road cikakkiya, minti 14 ɗin nan duka, kar a yanke ta da talla kuma don Allah kar a yi magana a kan minti huɗun ƙarshe inda jitar take. In ba ku da faifan ni ina da na 1996 mai kyau, zan kawo shi gidan da ƙafata ranar da kuka ce.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku,
Mai sauraro daga Kaduna