Me ya hana Iowa cin maki a gaban manya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ce wani abu kan ƙwallon jami'o'in Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, musamman ƙungiyar Jami'ar Iowa a kakar 2023.

Ta ci wasa 10 cikin 14, amma duk lokacin da ta gamu da manya sai ta koma gida hannu rabbana: Penn State ta ba ta 31 da nema, Michigan 26 da nema, Tennessee kuma 35 da nema. A wasan Penn State, yadi 76 kacal ta iya matsawa gaba.

Wasu na ɗora laifin kan raunin da Cade McNamara, mai jefa ƙwallo, ya ji. Ni ban gamsu ba, domin da shi aka sha kashi a Penn State. Matsalar salo ce. Iowa ta saba tura ƙwallo da ƙarfin tuwo, ta jira masu tsaron bayanta su ƙwato mata dama. Ƙananan ƙungiyoyi sukan gaji su sallama. Manya kuwa suna da ƙarti masu gudu. Sai su cika gaba su toshe hanya, tunda sun san babu mai jefa musu doguwar ƙwallo ta bayansu.

Ga kuma mai tsara harin, Brian Ferentz, ɗan babban koci Kirk Ferentz ne. An gindaya masa sharaɗin cin matsakaicin maki 25 a wasa, bai ko kusanta ba, aka sallame shi a ƙarshen kakar. A ganina an makara.

Naka,
Wani mai bibiyar shafin wasanni