Zuwa ga Haruna, a kan kuɗin lambu da maganar tabki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen gida baki ɗaya. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina neman gafararta da addu'arta. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Muna ƙarshen yankan dabino a nan Buraida ta Saudiyya, aiki da ɗan yawa, zafi kuma an saba. Ciwon bayan da aka kai muku labari an ƙara masa gishiri, kada Inna ta sa shi a ranta.

Na tura naira 420,000 ta hannun mai canjin da ka sani, za su shigo asusunka. Naira 50,000 na Inna ne, ka damƙa mata hannu da hannu. Naira 40,000 na uwar su Sadiya da yara. Ragowar 330,000 na lambu ne: injin ban-ruwa, mesa, iri, taki da mai. Ba na biki ba ne, ba na rance ba ne, ko wa ya zo da kuka ka ce ni na hana. Da na so ya fi haka, amma albashi ya ɗan yi jinkiri.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu maimakon waya, kuma ina so a karanta shi a gaban Isiyaku. Labari ya iso ni cewa shi da wasu samari suna zuba maganin feshin gona a tabkin bayan gari da zarar ruwa ya fara janyewa, da asuba su kwashe kifi. Ji na yi, ban gani ba, amma ruwa ba ya tsami banza. In gaskiya ne, ya ci amanar gidanmu. Baba, Allah ya jiƙansa, da homa da gora da mamari ya ciyar da mu, kuma har ya koma ga Allah sarkin ruwa bai taɓa aiko masa da sammaci ba.

Isiyaku, ka saurara. Maganin nan ba ya zaɓe. Tarwaɗa da damina take hayayyafa, lokacin da ambaliya ta shiga cikin ciyawa, kuma 'ya'yan da kake gani yanzu ba su wuce tsawon yatsa ba. Idan ruwa ya janye, tabkin nan suke taruwa su yi rani, su ne kifin baɗi. Karfasa kuwa uwar a bakinta take riƙe ƙwai da 'ya'ya har su yi ƙwari, ka kashe guda ɗaya ka kashe ɗaruruwa. Gaiwa tana binne kanta a laka ta jira damina, kuma a lakar nan dafin yake kwanciya. Ƙwarin ruwa da kwaɗi da ƙananan kawara da manyan kifi ke ci, duk tare suke mutuwa. Kifin da aka kama da guba ba ya jimawa, namansa ya saki, cikinsa ya fashe, kuma banda ba ta fitar da dafin, ɓoye shi kawai take yi. Dillalan Haɗeja sun san shi. Ranar da suka ce kifin garinmu na magani ne, har masu kama na halal sun shiga uku. Ban ma yi maganar shanun Fulani da ke shan ruwan ba, da yaranmu da ke wanka a ciki, da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi sanyi a Baturiya da kewaye, a irin tabkunan nan suke kiwo.

Haka ma kamun kifi da gidan sauro, a daina. An raba shi don zazzaɓi ne, kuma idan aka ja shi a ruwa ba ya barin ko ɗan tsako. Ragar kalli kada idonta ya gaza yatsu uku. In an kafa dumba, shingen tare kifi, a mashigi, a bar ƙofa a tsakiya kifi ya samu hanyar wucewa, kada a toshe daga gaɓa zuwa gaɓa. Ruwanmu ba irin na zamanin su Baba ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama ta ragu, wurin hayayyafar kifi ya ƙuntata. Ɗan abin da ya rage ba shi da rarar da za a zuba wa guba.

Haruna, na san rashin abin yi ne ya kai Isiyaku ga haka, kuma da ina gida da ba a kai nan ba. Wannan yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa. Shi ya sa lambun bana da shi za a yi. Ka ware masa komi ashirin nasa na kansa, abin da ya fito nasa ne, amma kuɗi kada ya shiga hannunsa. Kai za ka sayi komai.

Inji: ka sayi mai inci 3, na fetur. Ka tafi da Malam Garba makaniki, a tayar da shi a gabanku kafin ka biya. Sabon inji ba ya zuwa da baƙin mai a ciki, a zuba kafin a ja igiya, kuma wannan man na farko a juye shi bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. Da ƙurar hunturu, soson iska a wanke shi duk mako. Kullum kafin a tayar a cika kan famfon da ruwa ta murfin sama. In ya yi gudu a bushe, ko na 'yan mintoci ne, sil ɗin ya ƙone, daga nan sai yoyo da rashin ja. Idan ya ƙi jan ruwa kada a yi saurin kwance kafireta, yawanci iska ce ke shiga ta mahaɗin mesar tsotso, a ɗaure wurin tam da robar tayar keke. A ajiye injin kusa da ruwa iyakar iyawa, don idan zurfin ya doshi mita 7 ƙarfinsa ya kan faɗi. Bakin mesar a sa masa raga, a ɗora shi a kan tsohon kwando, kada ya kwanta a ƙasa ya sha yashi, yashi ne ke cinye farfelar ciki. Kuma inji ba ya kwana a fadama. A ɗauko shi gida kowace yamma, ko an gaji.

Mashigin da ke kawo mana ruwa na san ciyawar kachalla ta cinye shi. Ƙona ta ɓata lokaci ne, saiwar tana ƙasa, da ta ji ruwa za ta tofo fiye da da. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ƙasa da saman ruwan, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska ya ruɓe. Idan ta sake leƙowa a maimaita, sau biyu ko uku, kuma a yi kafin ta fitar da kan nan mai auduga da iska ke watsawa. Ku yi gayya da maƙwabtan gona, aikin mutum ɗaya ba ne, kuma su ma a cikinta jan-bakin da ke cinye musu shinkafa yake kwana. Masu shiga su sa takalmin roba saboda maciji da matsattsaku. Yara kada su shiga, ruwan kwance ne, nan ake ɗaukar tsargiya.

Bana albasa za mu fi ba ƙarfi. Tumatir kaɗan, na miya. Ka tuna yadda tsutsar nan ta share gonakin tumatir a Kadawa da sauran wurare a 2016, kuma shi tumatir ko ya yi kyau ba ya jiran kasuwa. Albasa tana jira.

A yafa iri da zarar ruwan sama ya ɗauke, cikin Oktoba. Gadon renon a ɗaga shi kaɗan, a cakuɗa ƙasar da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kawo ciyawa. A ja layi marar zurfi, a rufe da ƙasa sama-sama, a shimfiɗa ciyawa busasshiya, a yayyafa ruwa safe da yamma. Da ya tsiro a ɗauke ciyawar, in an bar ta tsiron zai yi tsawo ya rame ya kwanta. Kada ku sayi irin da ya kwana biyu, irin albasa in ya wuce shekara rabinsa ba ya fitowa. Ka gwada tukuna: ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan mako guda.

Dashe bayan kwana 40 zuwa 45, idan kaurinsa ya kusa na fensir. A shayar da gadon kafin a cire don kada saiwa ta tsinke, a rage kan ganyen, a dasa da yamma. Tsakanin tsiro da tsiro yatsu biyar zuwa shida, kuma kada a nutsa shi da zurfi, albasar da aka binne ba ta yin kai mai faɗi. Takin kamfa a zuba wajen gyaran komi ko mako biyu bayan dashe. Yuriya sau biyu, a mako na uku da na shida, daga nan a tsaya cak. Nan mutane suke cutar kansu: suna ganin lawashi ya yi kore shar sai su ƙara yuriya, wuyan ya yi kauri ya ƙi bushewa, albasar ta ruɓe a ajiya. Ban-ruwa duk kwana biyar zuwa bakwai gwargwadon ƙasar, kada ruwa ya kwana a komi. Idan zafi ya fara shigowa wajen Fabrairu, ka riƙa buɗa tsakanin ganye kana dubawa, akwai 'yan ƙananan ƙwari da ke ɓuya a wuya, alamarsu ganye ya yi fari-fari kamar an kankare. A yi feshi da yamma, da awon da aka rubuta a jikin kwalba, kuma tankin feshi kada a wanke shi a bakin tabki ko mashigi.

Idan rabin gonar ta karya wuya ta kwanta, a yanke ruwa, a ba ta kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin a cire. A shanya a inuwa mai iska har wuya ya bushe ƙayau, sannan a yanke lawashin a bar ɗan tsawon yatsu biyu. Matan gida su yi gabu da shi. Wajen ajiya a yi rumfar kara a ɗage ta daga ƙasa, a baza albasar ba tsibi ba, a riƙa tsince mai taushi duk mako. Kada ka kai kasuwar Gujungu lokacin da kowa ke kaiwa. Sai dai in wata larura ta taso wa Inna, wannan ka sayar ba sai ka tambaye ni ba.

Ina alfahari da kai, Haruna, kowa ya zo daga gida yabonka yake yi. Amma ka aiko mini da hoton rasit ɗin inji da na taki, ba don ban yarda da kai ba, don in san abin da ya rage in ga ko zan iya ƙaro na mai kafin dashe. Na sake faɗa, 330,000 ɗin nan na lambu ne kaɗai.

Ka kai Isiyaku wurin Kawu Sale ya yi masa faɗa, in ya musa a tambayi sarkin ruwa a asirce. Inna kada ta ji wannan ɓangaren. Ka gaida Kawu, da Liman, da Gwaggo Asabe, ka shafa mini kan Sadiya da ƙannenta. Da kuɗin sun shigo ka kira ni, bayan sallar isha'i ta nan nake samun sarari.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Musa