Ba Rumawa ne suka fara hura gilashi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Laraba ya ɓata min rai ƙwarai. Sau uku mai gabatarwa yana nanata cewa Rumawa ne suka ƙirƙiro hura gilashi. Ina zaune da yarana, har autana ya rubuta a littafinsa na makaranta, sai da na sa ya goge.

A ƙasar Sham aka fara wannan sana'a, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu tonon kayan tarihi sun samo guntayen bututun gilashi a tsohon birnin Ƙudus, waɗanda aka liƙe bakinsu da wuta aka hura suka kumbura. Akwai kuma gwanin nan Ennion, da ake dangantawa da Saida ta Labanon, wanda yake hura kofuna a cikin mazubi, sunansa na fitowa a jikinsu da rubutun Girka. Yashin da ake yin gilashin da shi ma daga gaɓar teku kusa da garin Akka na wannan yankin ake ɗebo shi, a haɗa da kanwar Wadi Natrun ta Masar. Rumawa sun mulki yankin, sun baza kayan ko'ina har kofin gilashi ya yi araha, wannan ban musa ba. Amma dillali ba shi ne maƙeri ba.

Mai gabatarwa kuma ko kalma ɗaya bai ce ba kan waɗanda suka riga masu hura gilashi yin kayan gilashi da kusan shekara 1,500. Mutanen Iraƙi ta dā da Masar sukan mulmula yumɓu da kashin dabbobi a bakin sandar ƙarfe, su naɗe shi da narkakken gilashi, in ya huce su kankare cikin. Haka suke yin 'yan kwalaben turare da na kwalli, kamar tandu. Wasu har da sunan Fir'auna Tutmos na 3 a jiki.

Ni na san wahalar wannan aiki da idona. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin ƙarau yake yi, kuma ina yaro ya kai ni unguwar Masaga a Bida. Yaro na zuga wuta, wani dattijo na zaune gumi na zuba, ya ɗebo narkakkiyar kwalba ja wur yana juya ta a kan ƙarfe har ta zama ƙarau. Ko minti biyar ban iya tsayawa kusa da murhun ba. Shi ya sa nake jin zafi in aka ɗauki gumin wasu aka ba wa wasu. Don Allah a fito a gyara a shiri na gaba, da bakin wanda ya faɗa.

Sannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙara da yawa. Mahaifiyata ba ta ji sosai, kullum sai ta manna rediyo a kunne, duk da haka rabin zancen yana wuce ta. A rage shi.

Naku,
Mai sauraro daga Minna