Zuwa ga ɗana, a kan kyamarar da yake shirin saye

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kawunka ya faɗa mini cewa ka yanke shawarar barin fim ka koma kyamarar dijital, kuma har ka fara neman wanda zai sayi tsohuwar Nikon ɗin nan da gilasanta domin ka cika kuɗin sabuwa. Na so a ce daga bakinka na ji. Ban rubuto don in hana ka ba, ko da yake na san kai da mahaifiyarka kun daɗe da yanke mini hukuncin cewa ni mutum ne mai ƙin sabon abu. Ina sane da inda duniya ta dosa. Injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kamfanin ya ci gaba da dogara ga fim, ya daina yin fim ɗinsa mai suna Kodachrome a 2009, a 2012 kuma ya shiga kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Wanda ya ga haka bai da hujjar ce wa ɗansa ya tsaya inda yake.

Amma gilasan nan kada ka sayar da su. Jikin kyamarar dijital yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana kai mutum har tsufansa, don haka daga gilasan da kake da su za ka fara zaɓe, ba daga abin da ka gani a talla ba. Ka yi sa'a Nikon ba su canza bakin da ake ɗaura gilashi ba tun 1959 har suka fito da sabon baki na Z a 2018, alhali Canon sun canza nasu a 1987 suka bar masu tsofaffin gilasai da kayan da ba sa shiga sabbin kyamarori. Kyamarorin yanzu marasa madubi a ciki sun sauƙaƙa lamarin, domin sensarsu, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, tana kusa da baki, saboda haka da adafta, wato mahaɗin da ake sawa tsakanin gilashi da kyamara, kusan kowane tsohon gilashi zai zauna. Da hannu za ka riƙa saita shi har hoto ya fito ras, kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurinka. Ka dai bincika kafin ka biya, domin wasu ƙananan kyamarori suna karɓar tsohon gilashi amma ba sa auna haske da shi.

Abu na biyu shi ne girman sensa. Idonka ya saba da fim mai faɗin milimita 36 da tsawon 24, kuma akwai kyamarori masu sensa daidai wannan girman. Idan ka ɗauki mai ƙaramar sensa, wadda ake kira APS-C, gilashinka na milimita 50 zai riƙa ganin abin da na 75 yake gani, na 28 kuma da kake shiga ƙananan ɗakuna da shi zai koma kamar 42, sai ka ga bango ya tare ka ba ka kwashe mutanen duka ba. Ƙaramar ba ta da laifi, ta fi sauƙin ɗauka, amma ga wanda ya zo da gilasansa babbar ta fi dacewa, ko da ta hannu ce. Idan ta hannun za ka saya, ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta riga ta ɗauka, domin ka san yawan aikin da ta sha. Maganar megafiksel kuwa, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, kada ta ɗauke maka hankali. Hoton inci 8 da 12 da aka wanke da kyau bai kai buƙatar megafiksel 9 ba, kuma da wuya ka sami kyamarar kirki a yau da ba ta ninka haka ba. Ka riƙe ta a hannunka, ka leƙa ta ciki, ka ji ko yatsunka suna samun maɓallan ba tare da ka duba ba. Ka sayi batir na biyu.

Hannunka kuma zai sake koyon haske. Nagatif yana yafe wa wanda ya ba shi haske fiye da kima, sensa ba ta yafewa: farar riga ko farin gajimare idan suka ƙone sun ƙone, babu abin da za ka tono a wurin. Ka riƙa ɗauka a tsarin RAW, domin shi ne ya fi kusa da nagatif, JPEG kuwa hoto ne da kyamara ta riga ta wanke maka bisa ra'ayinta ta zubar da sauran.

Duk waɗannan kana iya jin su a wurin wani. Abin da ya hana ni barci har na zauna rubutu daban ne. Ina tsoron ranar da za ka nemi hoto ka tarar babu shi. Akwatin da ke ƙarƙashin gadona ka san abin da ke cikinsa, kuma ka san cewa da kakarka ta rasu a cikinsa muka samo fuskarta muka wanke wa kowa nasa. Nagatif abu ne da ake riƙewa a hannu, a ɗaga shi ga haske a ga abin da ke ciki, ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar wata na'ura ta yarda da shi. Hoton dijital ba ya dusashewa a hankali har mutum ya lura ya ceto shi; yau yana nan cif, gobe katin memori ya ƙi buɗewa, ko faifan kwamfuta ya mutu, ko yatsa ya taɓa inda bai kamata ba, hotunan shekaru su tafi gaba ɗaya a lokaci guda. Ka tambayi waɗanda suka adana aikinsu a faifan fulofi ko na sidi yadda suke karanta su yanzu. Kuma mutanen da za ka ɗauka ba za su dawo su sake tsaya maka ba. Jaririn zai girma, tsohon zai tafi, kai kuma ka tsaya gabansu kana cewa kati ne ya lalace, kamar wannan amsa ce.

Na san halinka, shi ya sa nake nanatawa. Kai ne ka bar littafin nan a mota, kai ne har yau ba ka kawo wa yayarka abin da ka yi mata alkawari ba, kullum sai gobe. Da fim sakacinka yana da iyaka, domin nadi ɗaya hoto 36 ne, kuma dole ka kai shi wanki ya zama abu. Yanzu za ka riƙa ɗaukar ɗaruruwa a wuni, ka tara su ba suna ba tsari, kana ganin ai suna nan. Lokacin da nake sa ka rubuta kwanan wata a kan kowace takardar nagatif kana kumbure-kumbure, kun ce tsanani ne. Har yau ban ga abin da zan janye a ciki ba.

To, ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne. Kada ka goge kati sai hotunan sun zauna a wuri biyu. Duk hoton da ke da muhimmanci ya kasance kana da shi sau uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban ko a ma'ajiyar intanet, kuma lokaci zuwa lokaci ka buɗe su ka tabbatar suna buɗuwa. Idan kuɗinka ya kai, ka zaɓi kyamara mai ramin kati biyu, wadda take rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. A wurina wannan ya fi duk wani ƙarin megafiksel. Sannan waɗanda suka fi kyau ka wanke su a takarda, ka rubuta kwanan wata da sunayen mutanen a baya.

Kada zafin maganata ya sa ka zaci ina shakkar aikinka. Idonka ya fi nawa tun kana yaro, na faɗa wa mahaifiyarka haka ko da ban faɗa maka ba. Kafin ka biya, ka aiko mini da sunan kyamarori biyu ko uku da kake dubawa, da jerin gilasan da ke hannunka, mu duba tare. Idan kuɗin ne bai cika ba, ka yi mini magana. Mahaifiyarka tana gaishe ka, Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.