Gadoji sun yi kyau, amma Kano a awon igiya take girma

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah Ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina a rai game da birnin Kano da yadda ake auna mana cigabanta, ko Allah zai sa maganar ta kai kunnen waɗanda abin yake hannunsu.

Zan fara da yabo dan ba zan ci haƙƙin kowa ba. Ni kullum sai na shigo gari daga ɓangaren Kumbotso na tafi wajen neman abinci, kuma na san yadda shataletalen Dangi yake a da, in ka faɗa gosulon nan da yamma sai an kira magariba kana cikin adaidaita sahu kana shaƙar hayaƙi. Yau kuwa wucewa kawai kake. Gadar Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya na zamanin Kwankwaso ne, Ganduje ya zo ya ƙarasa doguwar nan ta Sabon Gari ya yi ta Dangi da ta Hotoro, gwamnatin Abba kuma ta ɗauko ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Duk wanda ya ce ba a yi aiki ba to bai faɗi gaskiya ba, kuma baƙo in ya shigo Kano da daddare fitilu na ci shi kansa sai ya yaba.

To amma Malam Edita ni ba a kan gada nake kwana ba. Inda motar haya take sauke ni nan kwalta ta ƙare, daga nan sai in kama tafiyar ƙafa cikin lunguna, kuma a wannan tafiyar ne nake ganin ainihin inda Kano take girma. Ba a Nasarawa GRA take girma ba, ba a titin gidan gwamnati ba, a awon igiya take girma, kullum ta Allah ana aza sabon bulo.

Wanda bai san awon igiya ba bari in gaya masa yadda abin yake, dan ni a cikinsa nake, da kuɗin gumina na sayi nawa. Dattijo ne zai rasu ya bar gona, magada su ce a sayar a raba, dillali ya saya ko ya kawo mai saye, sai a zo da igiya da turaku a yayyanka ta ƙafa 40 da 40 ko 50 da 50, wani ma bai kai haka ba. Hanya kuwa abinda ya yi saura shi ne hanya, saboda duk ƙafa ɗaya da aka bari dan mota ta wuce a wajen mai yankan asara ce. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, ba inda za a kafa taransfoma, masallaci ma sai wani bawan Allah ya sadaukar da nasa filin. A rubuta takarda gaban shaidu a sa hannu shikenan ka zama mai fili. Kuma ni ban ga laifin talakan da ya saya ba wallahi, mutum ya gaji da haya, duk shekara mai gida na ƙara kuɗi, filin gwamnati mai satifiket kuma ya fi ƙarfinsa ko kuma kafin ya ji labari an rabe, to ina zai sa kansa da iyalinsa?

Sai damina ta zo ake gane abinda aka yi. A layinmu akwai wata hanyar ruwa da tun ana noma wajen nan ruwa yake bi ya gangara wani kududdufi, da aka zo yanka sai aka haɗa da ita aka sayar, shi kududdufin ma aka dinga zuba masa shara da ɓaraguzai har ya cike aka yanka shi shi ma. Ruwa kuma ba ya mantuwa da hanyarsa. Daminar da ta wuce cikin dare naƙuda ta kama matar maƙwabcina ana tsaka da ruwa, muka samo mai adaidaita ya zo bakin layi ya tsaya ya ce ko zai mutu ba zai iya shiga ba, kuma gaskiyarsa, dan ruwan ya kai gwiwa ga lungun ko da rani da kyar yake shigarsa. Haka mata biyu suka riƙo ta, mu muna gaba da fitilar waya muna lalube da ƙafa kar a faɗa ramin masai da wani ya haƙa a waje, tana tafiya tana tsayawa tana salati har muka kai titi. Allah Ya sauke ta lafiya, amma har yau in na tuna daren nan jikina sanyi yake. Nisan wajen da gadar da ake nunawa a talabijin bai taka kara ya karya ba, kuma duk Kano ake kira.

Abinda yake bani takaici shi ne garin nan ya taɓa sanin tsari. Tun farkon shekarun 1960 aka ɗauko wani Bature mai suna Trevallion ya zana tsarin raya birnin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, aka fitar da inda masana'antu za su zauna da inda mutane za su zauna da inda tituna za su bi. Ka shiga Kundila ko Gwammaja ko Tarauni ka ga layuka a miƙe, mota biyu na wuce juna, ka san akwai wanda ya zauna ya yi tunani kafin a aza tubali. Wa'adin wancan tsarin ya ƙare shekara sama da 40 kenan. A ƙidayar 2006 ma jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, balle yanzu. Birnin da ake cewa ƙananan hukumomi 8 ne, Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, tuni ya tsallake su ya shiga cin gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa da Madobi. Mun sha jin za a yi sabon masta filan, to in an yi shi dan Allah a fito da shi, a fassara shi da Hausa, a karanta a rediyo, a liƙa taswirar a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar gidan dagaci, yadda mai sayen fili zai je ya duba da idonsa ya ga nan titi ne zai bi, nan hanyar ruwa ce, kar ya zuba kuɗin fanshonsa a inda wata rana za a zo a shafa masa jan fenti.

Dan rusau ba tsari bane, magani ne bayan ciwo ya riga ya ci jiki. Mun ga abinda ya faru a watan Yuni na 2023 da aka rushe gine-ginen Daula Otel da filin sukuwa da shagunan filin Idi, ba zan shiga siyasar waye mai gaskiya ba, kowa da ɓangarensa, amma dukiya ce mai yawa ta koma ƙasa, wata gwamnati ta bada izini wata ta zo ta ce haramun ne. Haka a 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu suka dinga cewa gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa ne suka jawo. In kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru ta sha ruwa haka saboda an toshe magudana, ina ga lungunmu da ba wanda ya san da zamansa?

Maganar ruwan sha kam kowa ya sani. Ga Tiga ga Challawa ga matatar Tamburawa da aka yi zamanin Shekarau, amma 'ya'yana ba su taɓa ganin famfon gwamnati ya kawo ruwa a gida ba, dan ko bututu ba a shimfiɗa a wajenmu ba, kuma ta ina ma za a bi da shi. Mai kura da jarkokinsa shi ne hukumar ruwanmu, ran da ba wuta a bohol ko man janareta ya tashi to jarka ma ta tashi. Turakun wuta karo-karo muka yi muka saya, kwalbatin bakin layi ma haka.

Ni ba cewa nake a daina gada ba. Amma kuɗin da za a kashe a fitar da tituna a gona tun ba a gina ta ba, greda ta share, a kafa duwatsun shaida, a ware filin firamare da na asibitin sha-ka-tafi da maƙabarta, bai kai komai ba in aka kwatanta da diyyar da za a biya nan da shekara 10 in an zo faɗaɗa hanya a tsakiyar gidajen mutane. KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta daina jiran sai an kai linta sannan ta zo, ta riga dillali isa gonar. A zauna da masu gona a ce ku yanka ku sayar abinku ba mu hana ba, amma ga faɗin titi ga hanyar ruwa, mu kuma mu baku takarda mai rajista cikin sauƙi ba sai an shekara ana zarya ba. Mai gona ma riba zai ci, dan filin da mota ke shiga ya fi daraja. A sa masu unguwanni da dagatai a ciki dan ba a sayar da taku ɗaya ba su sani ba. Su ma shugabannin ƙananan hukumomi, tunda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa kuɗinsu ya dinga zuwa hannunsu, lambatu da kwalbati da titin unguwa ai aikinsu ne, muna so mu gani a ƙasa.

Kuma darasin rukunin gidajen gwamnati na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ya isa a kula. Gidaje ne masu kyau da tituna da magudanai, tsari dai iya tsari, amma suka daɗe mafi yawansu a rufe saboda wanda yake da buƙatar gida ba shi da kuɗinsu. Malamin makaranta da ɗan adaidaita da mai shago a Kwari ba gida ginanne suke nema a wajen gwamnati ba, fili ƙarami mai hanya da takarda suke so, su gina ɗaki ɗaya su shiga, sauran a hankali.

Abin da gaggawa ne Malam Edita. An buɗe tashar sauke kaya ta tsandauri ta Dala a Zawaciki a farkon 2023, ga kasuwar Dangwauro a titin Zariya, ga layin dogo da ake ja zuwa Maraɗi da na Kaduna, duk inda irin waɗannan suka sauka mutane binsu suke, kuma masu igiya sun riga kowa sani. A bayan gidana akwai gonar da bara aka girbe gero a cikinta, satin nan da na wuce na ga an kafa turaku an ɗaɗɗaura musu leda, na auna tsakanin layi da layi da ƙafata taku 6 na samu. Har yanzu ba a sauke yashi ko tifa ɗaya ba, in hukuma ta turo ma'aikacinta a cikin ranin nan za a iya matsar da turakun nan a samu titi.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Naka mai karatu a kullum,
daga ƙaramar hukumar Kumbotso, Kano.